Yadda Na Kai Gwaggo Damagaram Aka Ƙara Mata Tsayi

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. In na tsaya shan mai a Kunci sai an zagaye motar, wannan ya leƙa ƙarƙashinta, wancan ya daki taya da ƙafa kamar mai shirin saye. Abokan zamana na gindin darbejiya kuwa sun mayar da ni rediyo, kullum bayan la'asar sai an ce in ba da labarin Nijar. Na gaji da maimaitawa. Kuma na lura duk sanda na faɗa da baki, sai in tsaya a kan abin dariya in tsallake abin da ya fi damuna. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi gaba ɗaya, wanda ya sake tambaya in miƙa masa takarda.

Motar dai tsohuwar a-kori-kura ce mai jan ƙafa huɗu. Ta wurin aikinmu ce, inda na yi malamin gona har na tsufa. Da aka zo gwanjonta na saye ta, muka yi ritaya tare. Mutanen gari ne suka sa mata Gwaggo, saboda tarin da take yi da safe da kuma yadda ba ta son a hanzarta ta.

Ba don ƙawa na kai ta aka ɗaga ba, ko da yake na san abin da wasu ke faɗa ke nan a bayan idona. Saboda mahaifiyata ne. Inna tana zaune a Gidan Kanya, wani ɗan ƙauye da ke nesa da kwalta kamar kilomita bakwai, ita da Tabawa, matar ƙanin mahaifina. Ni ne ɗanta na fari. Wanda ya san mutanenmu na da ya san abin da hakan ke nufi. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta duban fuskata, ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata. Yau shekarata sittin da biyu, ina da jikoki, amma in na je gaishe ta ranar Juma'a, duk abin da take son gaya min sai ta gaya wa Tabawa, ita kuma ta juyo ta maimaita min, alhali ina tsugune a wurin ina ji.

Da ciwon suga ya kama ta, likita ya ce a riƙa kawo ta duk wata. Nan Gwaggo ta yi min rana. Tabawa ba ta shiga mota, ko warin mai ta ji sai amai. Saboda haka daga ni sai Inna a gaban motar, tana manne da ƙofa, ni ina riƙe da sitiyari, tsakaninmu wurin mutum guda babu kowa. Tunda babu wanda za ta aika, sai ta fara yi wa gilashin gaba magana. Ta ce mai motar nan ya rage gudu. Ta ce mai motar nan ya rame, ko ba a dafa masa abinci ne. Wata rana har labarin yunwar da aka yi tana amarya ta ba gilashin, tun daga asibiti har ƙofar gida. Tun da matata Hajara ta rasu, yara kuma kowa ya kama gabansa, ba ni da abin da nake jira a wata kamar wannan tafiyar. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu da nake rubutawa.

Matsalar ita ce hanya. Hanyar amalanke ce. Ƙafafun amalanken shanu sun haƙa kwari biyu, tsakiya ta yi tozo, duk damina kwarin ƙara zurfi yake. Kaucewa kuwa ba ta taso ba, don a wajenmu babu taku guda da ba shi da mai shi, kowa yana shuka har bakin hanya. Bara ana tsakiyar ruwa, Gwaggo ta hau tozon nan ta zauna daram da cikinta, ƙafafu huɗu suna juyawa a banza, ga Inna a ciki. Sai da aka kwanto shanun huɗa suka ja mu. Ranar likita ta wuce, Inna ta kwana uku tana zazzaɓi.

Ƙanwata Rabi, autarmu, tana aure a Rimin Gado, gidansu a bakin kwalta. Mace ce ƙaƙƙarfa, mai sayar da atamfa, bakinta ba ya gajiya. Ta tara dangi ta ce in aka sake samun irin wannan ko sau ɗaya ne, za ta ɗauke Inna ta koma wajenta gaba ɗaya. Kowa ya goyi bayanta. Gaskiya ce da ita, shi ya fi ba ni haushi.

Na fara kai motar wajen wani makanike a Ungogo. Ya cusa mata wasu guntayen ƙarfe a ƙarƙashin sifirin, ya ce ta tashi. Ta tashi ɗin, amma gwajin farko ta sake zama a wurin da ta saba. Wani direban dabino ne ya ga ina fama ya ce in daina wahalar da kaina, in tafi Damagaram in nemi wani Buzu mai suna Agali, su ne masu shirya motocin da ke keta sahara. Kafin in tashi na je hanyar Gidan Kanya da wuƙa, na yanki karan dawa biyu. Dogo na auna shi daga bakin gonar dama zuwa bakin gonar hagu a inda hanyar ta fi matsewa. Gajere kuma daga ƙasan kwari zuwa saman tozo. Na ɗaure su da tsumma na jefa bayan kujera.

Ban sallami kowa ba. Na san in Tabawa ta ji, Rabi ta ji, in Rabi ta ji ba na nan, kafin in dawo ta kwashe Inna. Kuma a lissafina kwana biyar ne, in tafi Asabar in dawo kafin Juma'a, babu wanda zai lura. Lokacin bazara ta yi nisa, hadari ya fara leƙowa ta gabas.

Na bi ta Kazaure, na karya kumallo da koko da ƙosai a Daura, hantsi na iso kan iyaka. Ɓangarenmu ban daɗe ba. A ɓangaren Nijar ne na gane wautata, ashe takardun motar har yanzu sunan tsohon wurin aikinmu ne a kai, takardar gwanjon kuma tana can ƙasan wata jaka da na manta inda na tura ta. Sai da na zazzage kayana kaf a ƙarƙashin rumfa. Cikin zazzagewar karan nan suka faɗo. Wani jandarma mai furfura ya ɗauka ya tambaye ni ko na tsibbu ne. Na yi masa bayani. Ya kira abokin aikinsa, suka riƙe dogon karan kowa da gefe guda suna dubawa.

"Malam, wagga hanya ce ko kwararon gida?"

Na ce hanya ce, har amarya ana kaiwa ta nan. Suka yi dariya, suka buga min hatimi, mai furfurar ya ce in gaida tsohuwa in na koma. Ina wuce Ɗan Barto wayata ta ɗauke ɗif. Na ce da sauƙi, ai ba mai nemana.

Daga Matamai zuwa gaba ƙasa ta fara buɗewa. A wajenmu ba ka isa ka tsaya kama ruwa a bakin hanya ba sai wani ya ɓullo daga gona ya yi maka sannu, ya tambaye ka mutanen gida. Can kuwa na tsaya injin ya huce, na kashe mota, na saurara, ban ji komai ba. Ba kukan jaki, ba sautin daka, ba kowa. Na daɗe a zaune ina duban kujerar da ke gefena. Kaɗaicin da nake ji a gidana na Kunci aƙalla akwai hayaniyar maƙwabta a bayansa, wannan kuwa tsirararsa ne. Na sha ruwa na ci gaba.

Na shiga Damagaram da la'asar, na sauka a wani gidan baƙi kusa da tasha. Ɗaki ne mai fanka da ke juyawa kamar an roƙe ta. Da safe mai shayi ya miƙo min burodinsu, dogo kamar sandar makiyayi, bayansa da tauri. Na kai masa cizo irin na burodin Kano, sai da dasashina ya yi jini. Mai shayin ya ce a tsoma ake yi, Alhaji. Hausarsu duk ina ji, sai dai in an zo kan mota ko ofis su juya harshe zuwa Faransanci, in bi su da ido.

Garejin Agali yana bayan gari, fili ne da aka kewaye da matattun motoci. Shi kansa dogo ne siriri, rawaninsa ya rufe masa baki da hanci, ko a ƙarƙashin mota yake ba ya kwancewa. Kwana goma sha takwas na yi tare da mutumin nan ban ga haƙoransa ba. Ya shiga ƙarƙashin Gwaggo ya daɗe, ya fito da guntun ƙarfen nan na Ungogo a hannu, ya ajiye a gabana. Sannan ya kira ni, ya ce in kwanta in leƙa. Ya nuna min wani abu kamar tulu a tsakiyar aksul, ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, ƙasansa duk ya goge yana ƙyalli. Ya ce wannan ne ke zama a kan tozon, kuma ko zan ɗaga jikin mota ta kai rufin soro, tulun nan yana inda yake. Abu ɗaya ne ke ɗaga shi, doguwar taya. Jikin kuwa ana ɗaga shi ne kawai don doguwar tayar ta sami wurin shiga. Shekara talatin ina tuƙa motar nan ban san haka ba, sai da na raina kaina.

Na miƙa masa gajeren karan. Ya kafa shi a ƙasa kusa da tulun, ya duba, ya ce za a yi.

A ranar na yi abin kunyata na farko. Aka dafa shayi a ɗan buta, aka miƙo min a kofi kamar na ɗura wa jariri magani. Na kurɓe, ɗaci kamar maɗaci, na yi godiya na miƙe zan tafi neman abinci. Kowa ya juyo yana kallona. Ashe shayinsu zagaye uku ne, wanda ya sha na farko ya tashi kamar ya ce bai yarda da mai gida ba ne. Wani dattijo mai walda ya jawo rigata ya zaunar da ni. Daga ranar na koyi zama. Dole ma in koya, don rana na take tsaka kowa zai ajiye sifana, a rufe shago, gari ya mutu sai la'asar. A Kano makaniken da ya yi haka yunwa ce za ta kashe shi. Na faɗa wa Agali, ya ce shi ya sa aikin Kano ke kawo mutum Damagaram.

Aikin ɗagawar kwana huɗu ya ci. Suka kwance sifirin gaba da baya, suka raba shi ganye-ganye, aka kai wa wani maƙeri ya riƙa ɗora kowane ganye a kan guntun ƙarfen layin dogo yana bugu da guduma har ya dawo da lanƙwasarsa ta ƙuruciya. Aka ƙara ganye ɗaya a kowace ƙafa, aka sa dogayen shokozoba. Agali ya sauya tiyon birki da wanda ya fi tsawo, ya ce masu gaggawa nan suke mantawa, sai mota ta faɗa rami tiyon ya tsinke, mutum ya taka birki ya ji iska. Da aka sauke ta daga jak, Gwaggo ta tsaya a kan tsofaffin ƙananan tayoyinta, sama ƙato ƙasa siriri, kamar zalɓe.

Sai kasuwar taya. Agali ya kai ni wajen wani Alhaji Mamman, mutumin Tanut, mai ƙaton ciki da saurin magana. Kafin in buɗe baki ya sa an mirgino min wasu fanka-fankan tayoyi masu faɗi kamar faifai. Ya ce da waɗannan ake zuwa Agadas har a wuce, in ka rage musu iska sai su baje a kan rairayi, mota ta yi ta shawagi. Gaskiya sun shiga raina. Na riga na hango kaina ina shiga Kunci da su ana nuna ni. Aka gwada biyu a gaba, ɗaya a kowane gefe, na ɗauko dogon karan na gitta. Tayoyin sun zarce shi da kusan tafin hannu ta kowane gefe.

Na ce ba za su yi ba. Alhaji Mamman ya ce tafin hannu ɗaya me zai yi. Na ce layin gero guda ne a dama, layi guda a hagu, tsawon kilomita bakwai, gonakin mutum wajen sittin, kuma kowannensu na san ubansa. Ya dube ni kamar mai taɓin hankali. Ya ce a wajensu in hanya ta ɓaci sai ka bar mata wurin ka buɗe wata a gefe. Na ce a wajenmu in ka yi haka, kafin ka kai gida ƙararka ta riga ka zuwa wajen dagaci.

Agali ne ya shiga can ƙuryar shago ya jawo wata irin daban, doguwa, siririya, mai manyan haƙora da tazara a tsakani. Ya ce faffaɗar taya ta rairayi ce, a laka sai ta yi ta sulɓi a sama. Siririya kuwa tana yanka laka ta taɓo ƙasa mai ƙarfi, tazarar haƙoran kuma ita ke zubar da taɓon in tayar ta juya. Ya gargaɗe ni cewa a kwalta za ta yi ta kuka, kuma mota za ta ƙara shan mai. Ya duba gefenta ya nuna min lambobin da ke faɗin shekarar da aka yi ta, ya lanƙwasa robar da yatsa yana neman tsaga. Muka gwada kara, ta shiga cif, har da ragowar yatsa biyu. Sai dai uku kawai ke akwai. Na ce a haɗa min da wata mai kama da su. Agali ya ƙi. Ya ce mai jan ƙafa huɗu in ƙafafunta suka bambanta, cikin giyarta ne zai ci kansa, dole huɗu iri ɗaya, ta biyar ma ta ajiya haka. Alhaji Mamman ya ce akwai motarsa tana tasowa daga Agadas, gobe in sha Allahu.

Goben nan kwana goma sha ɗaya ta yi.

Juma'a ta farko ta wuce ni a can, ta biyu ma haka. Na sayi layin waya na ƙasar, na sa lambar Rabi ya fi sau goma ina gogewa. Girman kai ne, ba wani abu ba. Kullum da yamma in hau kan wata matacciyar babbar mota a garejin in dubi kudu, in ga hadari ya yi baƙi ta wajen gida. Ranar likita tana matsowa.

Da Agali ya ga zaman gidan baƙi yana cina, sai ya ce in dawo zaurensa. A gidan ne na ga abin da ya fi komai tsaya min a rai. Gidan ƙasa ne kamar namu, amma a tsakar gida an kafa bukkar tabarmi, a ciki mahaifiyarsa Gaishata take zaune, ta ce ita ɗakin ƙasa kabari ne. Su maza ke rufe fuska, mata kuwa a buɗe. Tsohuwar nan baƙo ko ɗan gida duk ɗaya ne a wajenta, ta zauna a tsakiyar maza tana taunar taba tana ba da umarni. Ranar farko muna shigowa na ji ta ɗaga murya ta ce, "Agali!" Ya je ya durƙusa, ta kama kunnensa ta cikin rawani tana masa faɗa da yarensu, yana dariya. Suka sa hannu a akushi ɗaya. Na tambaye shi daga baya ko shi ne auta. Ya ce shi ne na fari.

Abincinsu gero ne da nono da cuku, wata rana a gasa wani irin burodi a cikin toka da rairayi a farfasa shi a miya. Rairayin yana nan, haƙori na gaya maka. Amma na ci, don tsohuwar tana zaune tana kallon bakina. Tana jin Hausa sosai. Wata yamma ta tambaye ni me ya kai dattijo kamata ga wahalar mota, na ba ta labarin Inna, har da maganar gilashi. Ta ce ta san Hausawa da Fulani da wannan kunyar, amma ba ta taɓa gane amfaninta ba. Na hau kare al'adarmu, na ce ladabi ne, na ce kawaici ne. Ta bar ni na gama.

"To matarka fa, tana kiran sunanka?"

Na ce mace ba ta kiran sunan miji, kuma ta rasu.

"Yaranka?"

"Baba suke cewa."

"Mutanen gari?"

"Malamin gona."

Ta tofar da tabarta a gefe. "To wa ke kiran sunan naka?"

Na yi ta lalube a raina. Kakata ce ta ƙarshe, ita kuwa ta fi shekara ashirin a ƙasa. Na gaya wa tsohuwar sunana don ta tambaya. Washegari ina alwala a bakin zaure na ji ana cewa, "Auwalu, taho ka ci." Wallahi ban waiga ba, na ɗauka da wani ake. Sai da ta sake faɗa. Na je na zauna, ƙwalla ta cika min ido, na ce mata barkono ne ya shiga idona, alhali ko ƙwayar barkono babu a girkinsu.

Tayoyin suka iso. Aka ɗaura, Agali ya kai ni bayan gari muka gwada a wani kwazazzabo. Tulun nan ya wuce gajeren karan da yatsa uku. Ya ce in riƙa shan kwana a hankali, doguwar mota ba ta da wuyar kifewa, kada kuma in yi mata lodi a sama. Da muka tsaya, murna ta sa na buɗe ƙofa na zuro ƙafa yadda na saba shekara talatin. Ƙasa ba ta inda na bar ta. Na tafi gaba ɗaya na faɗi a kan gwiwa, hulata ta yi nata wuri. Muka yi ta dariya. Da ina da hankali, a nan ya kamata in tsaya in yi tunani, amma ban yi ba.

Na yi sallama da su, Gaishata ta ba ni cuku da dabino ta ce in kai wa mai kunya. Hanyar dawowa ba abin faɗa sai kukan taya, wuu, tun daga Damagaram har Daura. Daga Daura ruwa ya tare ni kamar da bakin ƙwarya har Kunci. Na kwana a gida, washegari ita ce ranar likita.

Da hantsi na sauka daga kwalta na kama hanyar Gidan Kanya. Kwarin nan biyu cike da ruwa, shuka ta fito kore shar a dama da hagu. Na sa giyar ƙafa huɗu, na yi bisimilla. Gwaggo ta shiga tana yanka laka, ina sauraron ƙarar da na saba ji a ƙarƙashi, shiru. Wurin da ta zauna bara na wuce shi kamar ba shi ba. Na leƙa ta taga, ko ganyen gero ɗaya ban taka ba. Manoma suka dakata da fartanya a hannu suna kallo, wasu na ɗaga min hannu. Rabon da in ji daɗi irin na wannan safiyar har na manta.

A ƙofar gida na tarar da amalanke, an ɗora ƙullin kayan Inna a kai. Rabi tana tsaye ta riƙe ƙugu. Ashe da Juma'a biyu suka wuce ba a gan ni ba, Tabawa ta aika mata, ta zo tun shekaranjiya, motar mijinta tana jira a bakin kwalta. Ta wanke ni tas. Ta ce an neme ni har asibitoci, ta ce tsufa ya zo min da yawon banza. Da ta gaji na ce ta leƙa ƙarƙashin motar. Ta leƙa, ta dubi hanyar da na biyo, ta yi ƙwafa, ta ce to a gwada na yau a gani.

Inna ta fito da sandarta. Ba ta dube ni ba, ban kuma sa ran za ta duba ba. Na buɗe mata ƙofa. A da, sai ta kama ƙarfen ƙofar ta ɗaga ƙafa ɗaya ta shige da kanta. Yanzu kujerar tana daidai ƙirjinta. Ta tsaya tana kallonta. Tabawa ta mirgino turmi aka kifa, gwiwar Inna ta ƙi ɗaguwa ko rabin turmin. Na matsa na miƙa hannuwana biyu. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ja da baya har ta kusa faɗuwa.

"A ce masa ya matsa," ta faɗa wa Tabawa.

Na matsa. Rabi ta sunkuya ta ɗauke ta cak ta ɗora a kujera, ta rufe ƙofa. Sannan ta zagayo ta ƙofata, ta ce in ba ta wuri, ta haye ta zauna a tsakiya. Ta ce ai dole ta bi mu, wa zai sauke ta a asibiti.

Wata uku ke nan. Gwaggo ba ta sake zama a hanya ba ko sau ɗaya, an sauke kayan Inna daga amalanke, tana nan a ɗakinta. Rabi ta ce tunda hanya ta samu ta janye maganarta, amma duk wata za ta riƙa zuwa saboda hawa da sauka, kuma ba ta taɓa fashi ba. Dangi suna ta sa min albarka, abokaina na gindin darbejiya suna cewa na ciri tuta. Na sa mai walda ya yi matakala, gwiwar Inna ba ta yarda da ita ba. In na sauke motar, hanya ta ci ni, Rabi ta ɗauke ta. In na bar ta a haka, ga Rabi a tsakiya. Tun daga ƙofar gida har asibiti hira suke, ta atamfa, ta biki, ta wanda ya mutu da wanda ya haihu. Inna ta sami wanda za ta yi wa magana, ba ta ƙara bi ta kan gilashi ba. Ni dai ina tuƙi.

A zuwan da ya wuce, muna dawowa, Rabi ta ce in tsaya a Kunci za ta sayi man gyaɗa. Na sauka na ba ta hanya, na koma na zauna. Injin a kashe, daga ni sai Inna. Na ƙura wa sitiyari ido. Can na ji ta gyara murya, fuskarta tana gaba.

"Kwana goma sha tara mai motar nan ya yi. Bai sallami kowa ba." Sannan ta ce, "Duk ƙarar da na ji a hanya sai in ce ita ce."

Na buɗe baki, ban san ta inda ake farawa ba, don ban taɓa amsa mata kai tsaye ba a rayuwata. Ina cikin neman kalmar Rabi ta ƙwanƙwasa ƙofata da kwalbar mai a hannu, ta ce in yi sauri hadari na tasowa. Na sauka, ta shiga tsakiya, na hau na tada mota.